Kilo Goma Sha Shida na Ƙwaƙwalwa

A unguwar Mahjar ta birnin Jidda, cikin shekarar 1984, babu wanda bai san Mahmudu Badamagare yana cin Lado a wasan dama ba. Wasan nan shi ne wanda a gida ake kira daraf, allo mai gida-gida fari da baƙi ana tura 'ya'ya a karkace. Kullum bayan la'asar su biyun za su shimfiɗa tabarma a gindin katangar mai shayi, jama'a su kewaye su, kuma kullum idan aka tashi Lado ne a ƙasa.

Da cin kaɗai ne, da sauƙi. Mahmudu mutum ne mai baki. Idan zai ci ɗa sai ya ɗaga shi sama ya nuna wa 'yan kallo, ya ce da guntun Faransancinsa, "Atansiyo, Bakano, wani ya tafi!" sannan ya jefa shi a aljihun babbar riga. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka Lado ba shi da ikon yin fushi a fili. Sai ya yi dariyar yaƙe, ya shanye shayinsa, ya koma gida tuwo ya ƙi shiga.

Lado aikin Hajji ya zo ya zauna. Ya sha dako a bakin teku kafin Allah ya haɗa shi da Hamad, wani Balarabe mai shagon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya zama kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Daga nan ya auri Zinariya, haifaffiyar Jidda, tela ce mai keken ƙafa, suka zauna a ɗaki biyu tare da mahaifiyarta Hajiya Zaituna da 'yarsu Zakiya.

Wata rana ya je ɗaura mukayyif a sabon gidan Hamad a unguwar Safa, ya tarar ana fitar da tarkace. A cikin wani kwali akwai wani baƙin abu shafal kamar faranti, da wayoyi, da tsofaffin mujallu. Hamad ya ce kwamfuta ce, babban ɗansa ya zo da ita daga Ingila, ya yi wasa da ita ya gaji.

"Ɗauki, ya Lado, in kana so," in ji shi. "Halas, ba mai amfani da ita."

Lado ya rungumo kwalin har gida. Da yamma aka kira Othman, ƙanen Zinariya, wanda yake akawu a wani kamfanin jiragen ruwa kuma shi ne mai turanci a dangin. Othman ya jona abin da talabijin ɗin gidan, allon ya yi fari, wani ɗan baƙin harafi ya fito a kusurwa ya tsaya. Ya juya mujallun, sai ya tsaya a wani shafi mai cike da ƙananan layuka da lambobi.

"Shuf, Yaya Lado," ya ce. "Wannan wasan dama ne. In ka buga mata rubutun nan duka, harafi harafi, ita da kanta za ta yi wasa da mutum."

Lado ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Ta yi wasa ta ci mutum?"

"Ta ci mutum."

"Ko Badamagare ne?"

"Wallahi ko wane ne."

Lado bai jira ya buga ko harafi ɗaya ba. Washegari, bayan Mahmudu ya gama kwashe masa 'ya'ya, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya shaida wa jama'a cewa ya samu wadda za ta rama masa. Na'ura ce mai ƙwaƙwalwa daga Ingila, ba ta shan shayi, ba ta surutu. Mahmudu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ya yarda, a sa Juma'ar ƙarshen wata, in ma da uwar na'urar a zo da ita.

Madannan kwamfutar nan ba madannai ba ne na kirki, zane ne kawai a kan leda, sai ka danna da ƙarfi kafin harafi ya fito. Lado ya iya boko daidai gwargwado, amma rubutun mujallar ba magana ba ce, baƙaƙe ne da alamomi a cakuɗe. Ya sa yatsa ɗaya yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bai kai ƙarshen sahun farko ba abin ya ƙi karɓa. Ya danna, ya sake dannawa, ya hura mata iska, shiru.

Othman ya leƙo da safe a kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya duba sau ɗaya.

"Zakira ta cika," ya ce.

"Wace ce zakira kuma?"

"Ƙwaƙwalwarta. Kilo ɗaya ne kawai a cikinta, wasan nan kuwa sai kilo goma sha shida. Ana sayar da ƙari, a jona mata."

Lado ya ɗaga na'urar ya jinjina a tafin hannu. Ita kanta gaba ɗayanta ba ta kai kilo ɗaya ba. Ya buɗe baki zai yi tambaya, amma Othman ya riga ya kai ƙofa.

"Je Balad, kasuwar tsohon gari, ka ce zakira kake so, kilo sittashar. Yalla, na makara."

Ranar hutunsa Lado ya ninke buhun shinkafa wanda ba komai a ciki, ya sa a hammata, ya hau mota zuwa Balad. A cikin lungunan tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako ya tare wani dattijo ya tambaye shi inda ake sayar da abin ƙara zakira. Dattijon bai yi wata-wata ba ya nuna masa shagon wani tsohon Bahadrame, Balaraben Yaman, mai sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya.

Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce ya zo inda ya dace. Wa za a yi wa maganin?

"Ta gida ce," in ji Lado da Larabcinsa na kasuwa. "Ba ta riƙe komai. Kana gaya mata abu kaɗan sai ta cika, ta ƙi karɓa."

Tsohon ya gyaɗa kai cikin tausayi. "Haka suke wani lokaci. Shekarunta nawa?"

"Ban sani ba. Daga Ingila aka zo da ita."

"Ma sha Allah. Baturiya ce?"

"Baƙa ce, 'yar ƙarama. Ɗan kafilina ne ya gaji da ita, uban ya ce in ɗauka."

Tsohon ya ajiye ludayin da ke hannunsa a hankali. Ya dubi Lado daga hula har takalmi, ya yi istigfari a ƙasan maƙoshi. Duk da haka ciniki ciniki ne. Ya jawo kwalbar luban, ƙaron nan mai ƙamshi da ake taunawa, ya ce a ba ta ƙwaya kaɗan kowace safiya kafin ta karya, a haɗa mata da zabibi. Nawa za a auna?

Lado ya warware buhunsa ya buɗe bakin. "Kilo goma sha shida."

"Ya shekh!" Tsohon ya dafe ƙirji. "Wannan ai ya isa mutanen Jidda duka su haddace Alƙur'ani. Haƙora nawa gare ta?"

"Ba ta da baki ma. Lantarki take ci."

Sai da aka kira maƙwabcin shago aka warware zancen. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, yana bugun cinya yana maimaita wa duk wanda ya wuce. Don kunya Lado ya sayi ɗan ƙullin luban ya cusa a aljihu, aka kwatanta masa layin masu kayan lantarki.

Can ya shiga shago ya fita shago, har ya dace da wani Ba'indiye mai suna Abdulghaffar. Shi yana jin bayanin ya hau tsani, ya sauko da wani ɗan baƙin akwati mai ƙura, bai fi sandar sabulu girma ba, babu ko sunan kamfani a jikinsa.

"Wannan ne kilo goma sha shidan?" in ji Lado.

"Shi ne. A bayanta ake jona shi." Abdulghaffar ya ɗaga yatsa. "Amma ka ji, sadik. Kar ya motsa. Shuwayya motsi, ko ɗan kaɗan, komai halas, ya goge."

Lado ya jefa ɗan akwatin a ƙasan ƙaton buhun, ya naɗe, ya koma gida ba tare da ya gaya wa kowa labarin Bahadrame ba.

Akwatin ya yi aiki. Na'urar da da take ƙoshi da loma uku yanzu sai haɗiya take. Amma bakin da ake jona shi sako-sako ne, yana reto a bayanta kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Lado ya kafa ta a kan teburin da Zinariya take yanka yadi, kusa da kekenta, ya duƙufa tun bayan sallar asuba. Ya cika shafi guda cur, yana cikin na biyu, Zinariya ta zauna ta ɗora ƙafa a kan keke. Tebur ya ɗauki rawa. Allon ya yi wal, ya koma fari fat, ɗan baƙin harafin nan ya dawo kusurwa ya tsaya kamar ba a taɓa gaya masa komai ba.

"Ina rubutuna?" in ji Lado.

"Ni ka ba ajiya?" in ji Zinariya.

Karo na biyu Hajiya Zaituna ce ta daka yaji a tsakar gida. Na uku Zakiya ce ta shigo da gudu ta banko ƙofa. Na huɗu babu wanda zai ɗora wa, shi ya yi atishawa gwiwarsa ta daki ƙafar tebur. Ya daɗe zaune yana kallon farin allo, sannan ya tara iyalinsa ya kafa doka: ba ɗinki, ba daka, ba gudu, ba buga ƙofa, mai tari ya fita waje.

"Ya Abu Zakiya," in ji Zinariya, "ina da ɗinkin biki har kala shida. In ce wa masu kaya me? Kwamfuta tana barci?"

Othman ne ya kawo sauƙi. Ya nuna masa yadda ake jona na'urar da rikodar Hajiya, a juye abin da aka rubuta a kan kaset, ko ta manta a mayar mata. Lado ya ware kaset guda sabo. Duk sanda ya ci gaba sai ya juye, ya tura kaset ɗin a bayan rikoda. Aka samu zaman lafiya: shi ya yi nasa da sassafe, rana ta Zinariya, da yamma a cire waya Hajiya ta kalli wasan kwaikwayonta na Masar. A haka ya ci fiye da rabin rubutun, har ya fara gaida Mahmudu da murmushi irin na mai ɓoyayyen makami.

Ana saura kwana kaɗan Juma'ar, ya sa kaset don ya mayar wa na'urar karatunta. Maimakon ƙarar nan mai kama da kukan gyare da ya saba ji, sai muryar surukarsa ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum, Yaya Zubaidatu, ni ce Zaituna daga Jidda. Ina mutanen Madina? Mu nan lafiya ƙalau. Ƙafar ce dai. Surukin nawa shi ma lafiyarsa lau, yana ci yana sha, sai dai ya samo wani baƙin faranti yana wuni a gabansa kamar mai zaman makoki. Ku sa shi a addu'a, amma kar ki gaya wa kowa."

Lado ya fita tsakar gida riƙe da kaset ɗin, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Hajiya, wannan kaset ɗin..."

"Au, wannan? Ai lalatacce ne, ɗana. Na saurara, ba wa'azi ba waƙa, sai ƙiii. Na ce maimakon a yar, bari in yi wa Yaya saƙo. Ka ji duka?"

"Na ji farkon."

"To kar ka ji ƙarshen," in ji Hajiya, ta karɓe abinta.

Lado ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Zinariya ta daɗe tana kallonsa. Can ta tashi ta ɗauko rigarsa da za ta wanke, ta zazzage aljihu, ƙullin luban ya faɗo. Ta jefa ƙwaya uku a baki ta tauna har suka yi laushi, ta zo ta liƙa a mahaɗar akwatin da na'urar, sama da ƙasa, ta danne da babban yatsa. Ta bugi teburin da tafin hannu. Akwatin ko gezau.

"Taso," ta ce. "Zan kai keken ɗakin Umma. Ni zan riƙe maka ma'auni a kan layi, kai ka danna."

Lado ya dube ta, zuciyarsa ta yi sanyi. "Allah ya yi miki albarka, Zinariya."

"Ba don farantinka ba ne. Matar Mahmudu ce ta tare ni a gidan biki tana tambaya wai ko kishin na'ura nake. Wallahi sai an ci mijinta."

Suka yi ta fama, ita tana saukar da ma'aunin ɗinkinta layi bayan layi, shi yana danna. Kaset kuwa babu, don Hajiya ta kai rikodarta gidan maƙwabta ta ce ba ta yarda a ƙara sa mata kukan aljanu ba. Saboda haka ba a kashe na'urar, ba a taɓa talabijin. Layin ƙarshe ya shiga ne ranar Juma'ar kanta, ana kiran sallar farko. Lado ya rufe ta da hular kwano, ya tafi masallaci a kan yatsun ƙafa, ko sau ɗaya bai gwada wasan ba.

Bayan la'asar Mahmudu ya iso cikin shadda mai ɗaukar ido, jama'ar mai shayi na biye. Tunda na'urar ba ta ɗaguwa, a ɗakin za a yi. Lado ya tsaya a bakin ƙofa yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya kamar masu duba mara lafiya. Kowa ya zauna a ƙasa, ba jingina da tebur, ba dariya, magana sai raɗa. Fanka ma an kashe, don tana kaɗa labule.

Mahmudu ya zauna, ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Akwatin nan ya kwana biyu yana aiki ya yi zafi, luban ya narke, ɗakin ya gauraye da ƙamshi.

"Bakano," ya ce a hankali, "turare kake yi mata?"

"Abin da take so ke nan," in ji Lado.

Aka ga leɓen Mahmudu yana motsi, ya tofa a tafin hannu ya shafa.

Aka shimfiɗa allon gaske a gabansa. Othman ya danna, talabijin ya zana nasa allon da baƙaƙe. Mahmudu ya tura ɗa, Lado ya gaya wa na'urar da yatsa ɗaya. Nan take allon ya ɗauke, ba a ganin komai.

"Ta mutu," wani ya raɗa.

"Tunani take," in ji Othman. "In tana tunani rufe ido take."

Aka jira. Gumi ya fara tsattsafowa. Har wani ya fara gyangyaɗi allon ya dawo, ta tura ɗa guda gaba. Jama'a suka yi kabbara cikin raɗa. Mahmudu ya mayar nan take, ta sake rufe ido, wannan karon ya fi na farko daɗewa. Mutumin da bai taɓa tura ɗa ba tare da habaici ba, ga shi zaune baki a ɗinke, shadda ta manne masa a baya. Sau biyu yana buɗe baki Lado yana ɗaga masa yatsa.

A turi na huɗu na'urar ta kawo ɗanta ta ajiye a gaban na Mahmudu, tsirara, ba mai tsaronsa. Lado ya ga ko shi ba zai yi wannan wauta ba, ya fara tunanin wane harafi ya tsallake. Amma da ya dubi Mahmudu sai ya ga fuskarsa ta canza. Mahmudu ya leƙa allon ta dama, ya leƙa ta hagu, ya ƙirga gidaje da yatsa yana neman inda tarkon yake. Doka ce sai ya ci. Ya ci, amma bai ɗaga ɗan ya nuna wa kowa ba, a gefen tabarma ya ajiye shi.

Na'urar ta rufe ido, ta tafi tunanin da ba ta dawo ba.

Rana ta yi sanyi a waje, ɗakin kuwa kamar tanda. Zinariya ta miƙo shayi ta bayan labule aka karɓa da hannu biyu. Da jiran ya yi yawa, mai shayi ya zaro nasa allon daga jaka ya raɗa cewa maimakon zaman banza, Lado da Mahmudu su buga ɗaya kafin baƙuwar ta farka. Mahmudu ya yarda don ya samu abin yi da hannunsa.

Sai dai rabin hankalinsa yana kan talabijin. Ya tura ɗa, ya waiwaya. Ya tura wani, ya shaƙi luban, ya sake waiwayawa. Lado kuwa, da babu mai zuba masa surutu a kunne, karo na farko ya ga allon sarai. Ya ga wata hanya a buɗe, bai yarda da idonsa ba, ya sake dubawa. Ya ba da ɗa guda, Mahmudu ya ci ba tare da ya kalla ba. Lado ya ɗaga nasa ya tsallake ɗaya, biyu, uku, ya sauka a gidan sarki. Kafin Mahmudu ya dawo da hankalinsa an kwashe masa komai.

Lado ya dubi allon, ya dubi ɗan ƙarshe a hannunsa. Shekara da shekaru suka taso masa a ƙirji. Ya daka tsalle ya yi ihu, "Na ci! Jama'a ku shaida, na ci Badamagare!" Kafaɗarsa ta ɗauki gefen tebur. Akwatin ƙwaƙwalwa ya ɓalle ya rataya da zaren luban yana lilo, talabijin ya yi fari fat.

Daga bayan labule aka ji muryar Zinariya: "Wa ya taɓa?"

Sai dariyar da aka danne tun la'asar ta fashe gaba ɗaya, har Hajiya ta leƙo tana tambaya ko an ɗage dokar ta daka yajinta.

Gardama kuwa har aka fita sallar magariba ba ta ƙare ba. Mahmudu ya ce cin da aka yi masa ba ci ba ne, an toshe masa baki an turara shi. Lado ya ce na'urar saura ƙiris ta rufe tarkonta, Allah ne ya rufa wa Damagaram asiri. Washegari aka koma gindin katanga Mahmudu ya ci shi sau uku a jere, amma jama'a sun lura idan ya ci ɗa yakan ɗan duba bayansa tukuna.

Ba a yi mako ba Mahmudu ya tare Lado a hanyar shago, ya ja shi gefe.

"Tsakaninka da Allah, me za ta tura?"

"Ba ta faɗa wa kowa ba."

Mahmudu ya sosa gemu. "Ba ni aronta. Ina so in ji abin da ke cikin kanta."

Zinariya da kanta ta haɗa masa kwalin, har da mujallar, ta ɗora masa a ka. Daga ranar aka daina ganin Mahmudu wajen mai shayi. Labari ya riƙa fitowa daga gidansa cewa an hana daka, an cire ƙofar ɗaki an jingine, matarsa ta yi yaji ta dawo. Lado ya yi wasa da wasu, ya ci an ci shi, amma shayin bai yi masa daɗi ba. Da abin ya ishe shi ya je ya yi sallama.

Ya tarar da Mahmudu a zaune dirshan, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, talabijin a gabansa da allon dama a zane. Ya gama bugawa, har ya yi wasa da ita sau da dama.

"Yaya?" in ji Lado cikin raɗa. "Akwai tarkon?"

"Babu ko ɗaya." Mahmudu ya yi magana da cikakkiyar murya, ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango. "Wuni guda take tunani ta ba ka ɗa kyauta. Jaka ce, Lado. Wallahi ko kai ka fi ta."

Lado ya tsaya cak. Tunda suke, Mahmudu bai taɓa cewa Lado ya fi wani abu ba.

"Sake faɗa."

"Ba zan sake ba."

Bai buƙaci a sake ba. Kafin Mahmudu ya nemo hularsa, Lado ya riga ya fita yana sauri, ya tsaya wajen mai wanki, ya tsaya wajen mai gyaran takalmi, ya leƙa shagon Bayamale mai burodi, yana shaida wa kowa cewa Mahmudu da bakinsa ya ce kansa, shi Lado, ya fi na kwamfutar Ingila, da ƙarin kilo goma sha shidanta.